Abin Lura: Layi da Mazurari a Taswirar Guguwa

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, mai bin labaran duniya a talabijin ko a waya ba zai rasa cin karo da wata taswira ba. Ga teku shuɗi, ga gaɓar Amurka ko tsibiran Karebiyan, ga wani ɗigo da aka ce nan guguwa take a halin yanzu. Daga ɗigon sai wani farin fili ya fita, tsukakke a gindi, yana tafiya yana buɗewa, siffar mazurari sak. A tsakiyarsa akwai wasu ɗigogi, kowanne da ranarsa da sa'arsa, gidajen labarai da yawa kuma sukan haɗa su da siririn layi. Miƙa wa mutum wannan taswira ka ga abin da zai yi. Yatsansa a kan layin zai sauka, ya bi shi tiryan-tiryan har bakin gaɓa, ya ce, "To, garin nan za ta faɗa wa." Farin filin kuwa ko kallo bai ishe shi ba, ya ɗauka ado ne.

Alhali da za a ce wa masu zana taswirar su zaɓi ɗaya, mazurarin za su riƙe su saki layin.

Cibiyar lura da guguwa ta ƙasar Amurka da ke Miami ce ta fara fitar da wannan mazurari a 2002, kuma yadda take yin sa shi ne abin da ya ja hankalina. Sukan ɗebo duk hasashen da suka yi a shekara biyar da suka wuce, su gwada shi da inda kowace guguwa ta bi a zahiri, su auna nisan da suka kauce. Kuskuren hasashen kwana ɗaya daban, na kwana biyu daban, har zuwa na kwana biyar. A kan kowane ɗigo sai su zana da'irar da za ta haɗiye kashi biyu cikin uku na waɗannan kurakurai, sannan su haɗa gefen da'irorin. Shi ya sa yake buɗewa, don kuskuren gobe kaɗan ne, na jibi ya ɗara, na gata ya fi. Ashe faɗin mazurarin nan lissafin kuskuren masu shi ne, da hannunsu suka auna, suka kuma buga wa duniya ta gani. Sana'o'in da mai yinsu ke rataya lissafin kurakuransa a ƙofar shago ƙalilan ne, kuma ni wannan kaɗai ya isa ya sa in girmama mutanen.

Akwai abu biyu da ke biyo bayan wannan, waɗanda mai kallon labarai ba kasafai ake gaya masa ba. Tun da kashi biyu cikin uku aka rufe, to kusan sau ɗaya cikin uku cibiyar guguwar za ta fita waje, kuma ba a ce an yi ƙarya ba. Sannan mazurarin maganar cibiyar kawai yake yi. Guguwar kanta tana iya faɗin ɗaruruwan kilomita, iskarta da ruwanta da tumbatsar tekun da take turowa ba ruwansu da farin filin da aka zana.

Me ya hana a san hanyar tata tun farko? A nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Da damina, zafin Sahara a arewa da sanyin raɓar gaɓar Gini a kudu sukan haifar da wata iska mai ƙarfi a sama da ke kwararowa daga gabas zuwa yamma. A jikinta ake samun lanƙwasa-lanƙwasa, masana na ce musu igiyoyin gabas, waɗanda ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya, kusan duk bayan kwana uku zuwa biyar. Hadarin nan da ke haɗowa baƙi ƙirin daga gabas da la'asar, iska ta riga shi isowa da ƙura, mata na rige-rigen kwashe shanya, sau da yawa a kan irin wannan igiya yake hawa. Kimanin sittin ke ficewa ta gaɓar Senegal su faɗa Tekun Atlantika a shekara. Yawancinsu a can suke mutuwa. Amma wadda ta tarar da ruwan teku mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 27 ko fiye, iskar sama kuma ba ta yayyaga ta ba, sai ta fara juyawa, ta tara ƙarfi. Idan gudun iskarta ya kai kilomita 63 a sa'a, a raɗa mata suna. Idan ya kai 119, ta zama mahaukaciya. Mafi yawan manyan guguwowin Atlantika daga waɗannan igiyoyi namu suke.

To ita wannan halitta, duk girmanta da ɓarnarta, ba ta da linzamin kanta. Kamar ƙwarya ce da aka saki a kogi: inda ruwa ya nufa nan za ta, in ta zo inda kogi ya rabu biyu kuwa, ɗan karkata kaɗan ke raba ta da wannan reshe ya ba wancan. Kogin nata shi ne manyan iskokin da ke kewaye da ita. A tsakiyar Atlantika akwai wani tudun iska mai nauyi da ke zaune wajen Bermuda, guguwa na bin gefensa na kudu tana yin yamma. Daga kan nahiyar Amurka kuma kwarin iska kan gangaro lokaci-lokaci, ya buɗe mata ƙofa ta juya arewa. In kwarin ya iso da wuri, ta juya tun tana tsakiyar teku, kifi kaɗai ya san ta wuce. In ya makara da rabin yini, ƙofar ta buɗe bayan ta riga ta shige, sai ta zarce kan mutane. Kenan mai hasashen guguwa sai ya yi hasashen iskar rabin duniya kafin ya ce ga inda za ta.

Kuma ba a taɓa auna iskar duniya duka. Akwai taurarin ɗan'adam, akwai jiragen sama da ke kutsawa cikin guguwar da gangan suna sakin na'urori masu lema suna aiko da zafi da danshi da gudun iska yayin da suke faɗowa, akwai balan-balan da tashoshi ke saki sama, har da na Yamai. Duk da haka giɓi ya fi abin da aka auna yawa, musamman a kan teku da kuma a nahiyarmu, inda tashoshin auna yanayi suka yi ƙaranci ƙwarai. Wani zai ce ai ɗan giɓi ba kome ba ne. Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT, shi ma haka ya zata, har wata rana a 1961 da ya so maimaita wani lissafi a kwamfutarsa. Maimakon ya shigar da 0.506127, sai ya taƙaita ya shigar da 0.506. Da farko sakamakon biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa, can sai suka fara rabuwa, kafin a jima babu abin da ya haɗa su. Abin da ya gano shi ne, a sha'anin iska ƙaramin kuskure ba ya zama ƙarami, haihuwa yake yi, 'ya'yansa su hayayyafa.

Masana ba su tsaya kukan wannan ba, sai suka mayar da shi kayan aiki. Tun daga 1992, cibiyar hasashen Turai da ke Reading a Ingila da takwararta ta Amurka suka fara gudanar da lissafin sau da yawa maimakon sau ɗaya, kowanne an ɗan taɓa farkonsa da gangan. Ta Turai takan yi wajen hamsin. In layukan hamsin ɗin suka tafi a dunƙule, mai hasashe ya yi magana da ƙarfin gwiwa. In suka watse, wasu Texas wasu tsakiyar teku, ya san yau ranar taka-tsantsan ce. A Oktoban 2012 lissafin Turai ya nuna, kusan mako guda kafin lokaci, cewa guguwar Sandy za ta yi wata baƙuwar kwana zuwa yamma ta faɗa gaɓar Amurka, alhali na Amurka ya yi kwanaki yana kai ta tsakiyar teku. Ranar 29 ga wata ta sauka kusa da Atlantic City. Aikin na ci gaba kuwa: kuskuren hasashen kwana uku a yau bai kai rabin na 1990 ba. Mazurarin yana ta tsukewa shekara bayan shekara, amma abin da Lorenz ya gano ya nuna ba zai taɓa zama layi ba.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutanen kudu maso yammacin Florida suna da wata Juma'a da za su kawo a matsayin ƙorafi, 13 ga Agustan 2004. Guguwar Charley, wadda igiyarta ta bar gaɓar Afirka a farkon watan, ta ƙetare Kyuba ta nufo su, layin tsakiya kuma ya nuna birnin Tampa. Tampa babban birni ne, can 'yan jarida suka kafa kyamarori, can aka kwashe dubban ɗaruruwan mutane. Garuruwan da ke kudu da shi, Punta Gorda da Port Charlotte, suna cikin mazurarin tsundum, an kuma sa su cikin gargaɗi tun kusan kwana guda kafin nan. Amma da yawa cikin mazaunansu sun kalli layin, suka ga ya wuce su, suka ce ta Tampa ce. Da hantsin Juma'ar sai guguwar ta ɗan karkata dama, ta kuma ƙara ƙarfi cikin 'yan sa'o'i daga mataki na biyu zuwa na huɗu a ma'aunin ƙarfin guguwa. Da la'asar ta sauka a tsibirin Cayo Costa da iska mai gudun kusan kilomita 240 a sa'a, ta ratsa Punta Gorda, fiye da kilomita 100 kudu da Tampa.

Duba taswirar Florida ka ga dalili. Gaɓar yammacinta a miƙe take daga kudu zuwa arewa, guguwar kuma daga kudu take tahowa, kusan a jere da gaɓar. A irin wannan tafiya, karkatar da ba ta taka kara ta karya ba a tsakiyar teku takan sauya wurin sauka da tafiyar sa'o'i a mota. Da aka zauna aka auna, kuskuren hasashen Charley na kwana ɗaya bai wuce abin da aka saba ba. Masanan ba su kauce ba, idon mutane ne ya bi layi. Abin tausayi ma, wasu da suka gudu daga Tampa sun nufi Orlando ne, kuma ta kan Orlando guguwar ta bi a daren. Shugaban cibiyar Miami na lokacin, Max Mayfield, ya sha roƙon jama'a su daina zuba wa siririn layin nan ido.

Me ya sa muke son layin haka? Don layi yana sallamar mutum. Ya ce maka kai ne, ko ba kai ba ne, ka huta da tunani. Mazurari kuwa aiki yake ba ka: yana cewa mai yiwuwa kai ne, sai ka yanke shawara da kanka tun sama na garau. Wannan hali ba na Amurkawa kaɗai ba ne. Boka ba ya cewa wataƙila, shi ya sa ƙofarsa ba ta rabo da takalma. Likitan da ya ce wa dangi "cikin goma masu wannan ciwo bakwai kan tashi" sai a fita ana cewa bai san aikinsa ba, a tafi wurin wanda zai buga ƙirji. Haka idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ce akwai yiwuwar ruwa mai yawa a wani yanki, kafin maganar ta iso majalisar ƙofar gida an yanke mata "yiwuwa", ta koma "an ce za a yi". In ba a yi ba, a ce ai dama ƙarya suke. Mu masu imani ne cewa gaibu sai Allah, kuma mazurarin nan bai musa ba, hasali ma shaida ce. Sai dai tsakanin "na sani" da "Allah ne masani" akwai fili mai faɗi da aka bar wa ɗan'adam ya auna iyakar abin da ya gane, ya yi shiri a kansa. Wanda ya buga ƙirji ya tsallake wannan fili, wanda ya naɗe hannu ma ya tsallake shi.

Amurka ta san kuɗin buga ƙirji. A farkon Satumban 1900 wata guguwa ta wuce ta kan Kyuba. Masanan Kyuba, waɗanda suka gaji ilimin Fada Benito Viñes na ɗakin nazarin Belen a Havana, sun karanta gizagizai suka ga alamar za ta zarce cikin Tekun Meziko. Hukumar yanayi ta Amurka kuwa ta tsaya kai da fata cewa za ta juya arewa maso gabas ta bi ta Florida, kamar yadda guguwowi suka saba, ta kuma riga ta sa an toshe wa 'yan Kyuba hanyar aika gargaɗinsu ta wayar tangaraho. A Galveston, wani birni a kan tsibirin yashi a Texas wanda tudunsa mafi tsawo bai kai mita uku ba, jami'in hukumar Isaac Cline ya taɓa rubutawa a 1891 cewa guguwa ba za ta iya yi wa birnin mummunar illa ba. Ranar 8 ga Satumba teku ya hau da fiye da mita huɗu. Cikin mazauna kusan 37,000, aƙalla 6,000 suka mutu, wasu ƙididdigar sun kai 8,000 ko fiye. Matar Cline na cikinsu.

Shekara 18 bayan Charley, ranar Laraba 28 ga Satumban 2022, guguwar Ian ta sauka a wannan tsibiri na Cayo Costa, ita ma a mataki na huɗu, ita ma bayan an yi kwanaki ana ambaton Tampa. A wannan karon darasin ya ƙara zafi. Yankin Fort Myers ya kasance a bakin mazurarin, sai mutane suka ɗauki bakin nan tamkar katanga, na ciki cikin haɗari, na gefe lafiya lau. Ba a ba da umarnin ficewa a gundumar ba sai ranar Talata, ana gobe za ta sauka. Wasu kuma sun tuna Charley, suka ce mun ga irinta mun tsira. Amma Charley 'yar ƙarama ce mai sauri, ba ta samu lokacin tura teku ba. Ian ƙatuwa ce mai tafiyar hawainiya, ta turo ruwa mita uku zuwa huɗu da ɗoriya a kan Fort Myers Beach. Kusan mutum 150 suka rasu a Florida, da yawansu tsofaffi, da yawa ruwa ne ya ci su. Cibiyar Miami ta yi ta fitar da gargaɗin tumbatsar teku a taswira ta daban, amma taswirar da duniya ta sani ita ake kallo. Daga 2024 suka fara gwada sabon zane da ke shafa launin gargaɗi har cikin ƙasa a kan mazurarin, don ido ya ga haɗarin ya wuce farin filin.

Kada a ɗauka ina cewa duk wanda mazurari ya taɓa ya kwashi iyali ya gudu. Gudun ma yana kisa. A Satumban 2005, ƙasa da wata guda bayan guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, hasashe ya nuna guguwar Rita na iya faɗa wa Houston. Tsoro bai bar kowa ba, fiye da mutum miliyan biyu suka hau titi lokaci guda, na bakin teku da na kan tudu. Motoci suka tsaya cik cikin zafin rana, tafiyar sa'a huɗu ta koma ta kwana, mai ya ƙare, ruwan sha ya ƙare. Wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama da wuta kusa da Dallas, fiye da 20 suka ƙone. Kimanin mutum 100 suka mutu a wannan hijira. Rita kuwa ta karkata gabas, ta sauka a kan iyakar Texas da Louisiana ranar 24 ga wata, Houston ta sha da ƙyar amma ta sha. Jami'in da zai ba da umarnin ficewa yana tsakanin wuta biyu, kuma dole ya yanke tun saura kwana biyu ko uku, lokacin da mazurarin ke da faɗi, don kwashe babban birni ba aikin yini ɗaya ba ne. In ya jira tabbas, tabbas ɗin zai zo tare da iskar.

Abin da Texas ta koya shi ne ta daina tambayar ina cibiyar za ta bi kawai, ta ƙara da tambayar wa ruwa zai ci in ta biyo ta nan. Aka raba yankin unguwa-unguwa bisa tudu da kwari. Da guguwar Ike ta taso a Satumban 2008, aka ce na bakin teku su fita bi da bi, na kan tudu su zauna a gida su bar musu hanya, kuma tituna suka tafi fiye da na lokacin Rita nesa ba kusa ba. Ofishin yanayi na yankin, wanda ke cewa "mai yiwuwa" a kan hanyar guguwar, bai ce haka ba a kan ruwan: ya gargaɗi masu ƙananan gidaje a bakin teku cewa zama na nufin mutuwa. Duk da haka dubban mutane suka ƙi tashi, wasu don wahalar da suka sha a titi shekara uku kafin nan, wasu don an ce Ike mataki na biyu ce kawai. Ta sauka a Galveston da tsakar daren 13 ga wata. Garun da aka gina wa birnin bayan 1900 ya tare tekun ta gaba, amma ruwa ya zagayo ta bayan tsibirin ya cika unguwanni. A zirin Bolivar da ke gabas, inda babu garu, ƙauyen Gilchrist kusan duk gidajensa ruwa ya share.